Sawu a Kan Kanta

Mai masana'antar tayil ya kori Mai Cokali daga aiki, ya ce ita ta lalata masa na'ura. A tsakar fili ya faɗa, gaban ma'aikata, ya ƙara da cewa in ba ta amsa laifinta ba kafin mako ya ƙare, 'yan sanda ne za su zo su tambaye ta. Ita kuwa ta soke cokalinta a ɗankwali, ta ɗauki jakarta, ta fita.

Labarin ya iske yayanta a ƙofar gida yana ɗinke takalmi. Mai Sawu ake ce masa. Tun yana saurayi yake bin sawun dabbar da aka sace da na wanda ya sace ta, har gwiwa ta zaunar da shi. Yanzu ba a nemansa sai in abu ya ɓata an rasa wanda za a ɗora wa. Wannan karon an riga an samu wadda za a ɗora wa, don haka ba wanda ya neme shi. Ya ajiye takalmin, ya ɗauki sanda, ya nufi gidan ƙanwar.

Ya same ta a durƙushe tana goge tukunya.

"Ke kika yi?"

"Sannu da zuwa, Yaya. In kawo ruwa?"

"Ban zo shan ruwa ba. Ke kika yi?"

"Ka bar maganar nan."

"Mutum ya kira ki maɓarnaciya a gaban yaran da kika girme wa iyayensu, ki ce in bar magana."

"Dama na gaji da aikin. Kunnena ma ya fara nauyi."

Ya tsaya yana kallonta. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana ƙwanƙwasa tayil da cokali, lafiyayye ya amsa mata kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyiyar tsaga ya amsa kamar mai mura, ta ware su ba ta ko ɗaga kai. Matar da in kofi ya fashe a maƙwabta sai ta faɗi na gilashi ne ko na tangaran. Ita ce wai kunne ya yi wa nauyi. Sannan tukunyar da take gogewa tas take, har tana ɗaukar ido. Tun suna yara, in tana ɓoye magana, abin da ba shi da datti take wankewa.

"To," in ji shi. "Tunda ke ba ki da baki, zan je in tambayi ƙasa."

*

Mai masana'antar mutum ne mai waya biyu, ba ya ajiye ɗaya sai don ya ɗauki ɗayar. A tsaye ya ba da labarin. Wani ɗan kwangila ya sayi tayil ya shimfiɗa a zauren wani asibiti. Ba a daɗe ba ya fara tsagewa a ƙarƙashin ƙafar mutane, sai mutumin ya dawo masa da sauran cike da mota, ya ɗora zagi a kai. Alhali na'urar da ke tantance tayil kafin a sayar ta ce duk lafiyarsu lau.

"Baba, ba raini ba, amma nan ba sawu. Aikin na'ura ne."

"Na'urar ce ta ɓata kanta?"

"A'a. Wani ne ya taɓa kantar da ake koya mata da ita."

"Da fiffike ya shiga?"

"Da ƙafa mana."

"To akwai sawu."

Mai masana'antar ya goge wuya da hankici. "Ni ba ni da matsala da gidanku. Ga ɗanka nan yana riƙe min tanderu, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Amma ita, kowa ya ji ta tana cewa wata rana sai ta toshe wa na'urar kunne. Da na'urar ta karɓi aikinta ban sallame ta ba, kantar na ba ta ta kula da ita. Ga sakayyar."

"Wa ya shiga ɗakin na'urar tun da aka gane?"

Wayar hagu ta yi ƙara, mai masana'antar ya ɗauka ya juya baya.

Ba sai an ba shi amsa ba. Da ya tsaya a bakin ɗakin ya gani da idonsa. Kowa ya shiga. Masu kwaɓa yumɓu sun shiga, masu ɗaure kwali sun shiga, har mai shayin bakin ƙofa ya bar butarsa a wuta ya zo ya ga inda aka yi laifi. Bayan sun gama tattakewa, mai shara ta ji an ce tsoho yana tafe, ta ga ɗakin bai dace da baƙo ba, ta share shi tas ta bi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Don kai na yi, Baba," ta ce, tana jiran godiya.

Mai Sawu ya rufe ido ya buɗe. A zamaninsa in an yi sata, kwano ake kifawa a kan sawu, a sa ƙato ya tsare shi.

"Kantar fa? Ita ma kin goge min?"

"Wa, ni? Gwaggo ta ce ranar da na taɓa kantar nan sai ta ƙwanƙwasa min kai ta ji ko akwai tsaga."

Gwaggo suke ce wa ƙanwar tasa, su duka, har waɗanda ba su haɗa komai da ita ba.

"Allah ya yi mata albarka," in ji shi. Shi ne abu na farko mai daɗi da ya ji tun safe.

*

Injiniyar da ke kula da na'urar yarinya ce a idonsa, ko da yake tana da 'ya'ya. Ta kawo masa kujera, ya ƙi zama. Ta nuna masa abin da ake ta hayaniya a kai: wani akwati, da 'yar guduma mai bugun tayil, da kunne a gefe mai ɗaukar ƙarar.

"Ni ban ce Gwaggo ce ba," da wannan ta fara. "Cewa na yi an sauya wa tayil uku wuri. Kafin in rufe baki Maigida ya kai tsakar fili."

"Yi min bayani, a gajarce. Ban yi makaranta mai nisa ba, kuma ba yau zan fara ba."

"Na'urar nan ba ta san mene ne tsaga ba. Abu ɗaya ta iya. Ta ji muryar sabon tayil, ta auna yadda ta yi kama da muryar kowane tayil da ke kan kantar can. Na dama lafiyayyu ne, na hagu masu tsaga. Wanda muryarsa ta fi kusa da ta sabon, maganarsa ta fi nauyi. Wanda ya yi nisa, kamar bai yi magana ba. Sai ta haɗa, ta yanke hukunci."

"Wato ba ta san komai ba. Kama kawai take bi."

"Kama kawai."

Ya so ya yi tsaki, sai ya tuna shi ma bai taɓa ganin ƙafar ɓarawo kafin ya kama shi ba. Sawu yake gani, ya gwada shi da waɗanda ya tara a kansa. Bai faɗa mata ba.

"Don me 'yan kaɗan ne a kantar? Ai dubbai kuke gasawa."

"Da farko da yawa muka koya mata. Amma masu sauƙi ba su da amfani. Wanda ke amsawa kamar ƙararrawa, ko kurma ya san lafiyayye ne. Waɗanda suka rage a nan su ne na kan iyaka, waɗanda sai Gwaggo ta buga, ta karkata kai, ta sake bugawa kafin ta ce dama ko hagu. Su ke riƙe da iyakar. Ka kwashe masu sauƙin duka, iyakar ba za ta motsa ba. Ka matsar da uku daga cikin waɗannan, ta tafi."

Ta ce duk sanda bakin gudumar ya cinye aka sauya, sai an sake buga wa na'urar tayil ɗin kantar gaba ɗaya, domin sabuwar guduma sabuwar murya ce. Kowa a masana'antar ya san da haka, tunda ranar aiki tsayawa yake yi. Ita da kanta take ɗauko su ɗaya-ɗaya, ta mayar da kowane kan layinsa na ƙura, don kada Gwaggo ta yi faɗa.

"Ba ku sa musu alama ba?"

"Gwaggo ta ce takarda tana kashe murya. Ni kuma na ce zan rubuta a bayansu da alli, na yi ta cewa gobe." Ta dubi ƙasa. "Wannan laifina ne."

"Naku ne ku biyu. Yaya kika gane ukun?"

"Na sa na'urar ta bugi waɗanda aka dawo da su, na tambaye ta da wa kowane ya fi kama. Duk motar nan, waɗannan ukun suke nunawa. Suna kantar dama, amma ba nan ne wurinsu ba."

Ya sa ta tura ƙofa, ya karɓi fitilar wayarta, ya kwantar da hasken a kan katakon, yadda yake bin sawu da la'asar lokacin da inuwa ke da tsawo. Ƙurar ta yi kauri, ta riƙe komai. A kantar hagu akwai gurbi uku da aka toshe, an turo na kusa sun rufe wurin, sun ja ƙura a bayansu. A kantar dama tayil yana tsaye manne da juna kamar haƙora, yadda ƙanwarsa ke jera komai tun daga kwanuka har takalma. Sai ukun nan. Kowane da tazara gefe da gefe. Ya sa yatsansa, ya shiga daidai. Ya gwada sauran, duk ɗaya suke, kamar an auna.

"Ke kika bar wannan tazarar?"

"Yadda na same su nake mayar da su."

Ya ɗauko ɗaya ya juya. A bayansa wani siririn layi ya ratsa a karkace, kamar tabon wuƙa. Na biyu haka, na uku haka. Ya sa ta kawo masa daga cikin waɗanda ɗan kwangila ya dawo da su. Layin nan ne dai.

"Na'urar taki tana ganin bayan tayil?"

"Ba ta da ido, Baba."

"Mai aikin nan da ido ya zaɓa, ba da kunne ba."

Ya faɗa ne kawai. Ya san wannan bai wanke kowa ba, domin ƙanwarsa ma tana da ido.

*

A bayan ƙofa, inda tsintsiya ba ta kai ba, sawu ɗaya ya tsira. Takalmin roba ne, diddigen hagu ya cinye ta waje, mai shi yana jan ƙafa. Ba sawun mai wucewa ba ne, na wanda ya daɗe a wurin ne yana juyi. Mai Sawu ya same shi a waje cikin garin yumɓu, ya bi shi ya zagaya tankin ruwa, ya rasa shi a kan siminti, ya sake samunsa a bayan rumbun kwalaye. Rana tana dukansa, gwiwa tana zaginsa. Sawun ya ƙare a gindin wata bishiya, inda mota take tsaye, ƙafafu biyu sun leƙo ta taga. Direban da ke kwashe tayil ɗin da na'ura ta ƙi ne, yana sharar barci.

Ya buga diddigen hagu da sanda.

"Me kake yi a bayan ƙofar ɗakin na'ura?"

Direba ya tashi yana laluben hula. "Caji, Baba. Nan ne kawai soket ɗin da ba ya ƙona waya. Ga sanyi kuma."

"Kullum?"

"In Maigida ba ya nan."

"Ka taɓa kantar?"

"Ni? Baba, leƙa bayan motar nan. Aikina in kwashe waɗanda na'ura ta ƙi in kai wa masu cike rami. Tun da ta fara cewa kowa lafiyayye ne, ba ni da abin kwasa. Barci nake har bayana ya yi ciwo. Da ni ne zan taɓa kantar, ai daga dama zan kai hagu."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta ba shi haushi. Ya ɓata rabin yini yana bin mai barci.

"Kafin ta fara hakan fa?"

"Kafin nan ko hutawa ba na yi. Tayil yana ta fitowa da tsaga, na'ura tana ta ƙi, Maigida yana ta ihu a bakin tanderu."

"Wa yake yi wa ihun?"

Direba ya sosa ƙeya, ya dubi bishiya. "Wa ke bakin tanderu, Baba?"

*

Tanderun yana can ƙarshen fili, a rufe, wuta tana ci a ciki. Ɗansa ya hango shi ya taso da tsumma a wuya, ya durƙusa. Hannayensa duk tabon ƙuna ne.

"Baba, cikin ranar nan? Gwiwarka fa?"

"Gwiwata ba ta aike ka ba." Ya miƙa masa tayil ɗin a juye. "Wannan layin daga ina?"

Mai tanderu ya karɓa ta gefe-gefe, kamar mai zafi ne. "Allon dutsen da ake ɗora su a kai ne ya tsage, a kusurwar baya. Bangon wurin ma ya buɗe, iska tana shiga. Duk abin da aka gasa a nan, waje ya gasu, ciki ya tsage."

"Ka faɗa masa?"

"Na faɗa, na sake faɗa. Ya ce ba a kashe wuta ana da kwangila. Ya ce in ban iya ba, akwai masu jira a bakin ƙofa."

Bai dubi uban a ido ba. Amma dama bai taɓa dubansa a ido ba, haka ya raine shi.

Mai Sawu ya bar wurin da ƙarfinsa. Mai masana'antar ne a ransa: mutum mai kwangila a wuya, wanda ya san bango ya buɗe ya ƙi gyarawa, wanda ke shiga kowane ɗaki ba mai tambayarsa, wanda ya fi kowa saurin samo mai laifi. Har ya fara shirya yadda zai faɗa masa, a tsakar fili, bayan ya jira wayoyin biyu sun yi shiru. Abu ɗaya ne ya ƙi zama. Ya ga yadda mutumin nan ke wurga waya a kan tebur, ya ga yadda yake rufe ƙofa da ƙafa. Mai irin wannan hannun ba ya tsayawa auna tazarar yatsa. Ya bar maganar tana sukarsa kamar tsakuwa a takalmi, ya ce sai ya isa gida.

*

A gida ɗaya suke da ɗan, shi a ɗakin ƙofa, su a ciki. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Yana zaune a tabarma yana shafa wa gwiwa mai, surukarsa ta gama wanke kofuna, mijin ya dawo daga aiki ya karɓa yana kifa mata su a kan dakali. A hankali take magana, ba da tsohon take ba, amma kunnensa bai mutu ba.

"Kai dai, ko kofi ka jera sai ka bar masa hanyar shan iska. Ka cinye min dakali. Ba daga wuta suka fito ba fa."

Mijin ya yi dariya. "Hannu ne ya saba. Ka manna su da zafi, su tsage."

Mai Sawu ya ajiye kwalbar man. Ya dafa sanda ya miƙe, ya je bakin dakalin, ya sa yatsa tsakanin kofi biyu. Ya shiga daidai. Ya gwada na gaba.

Dariyar ta tsaya. Surukar ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ɗauki baho ta shige ciki.

Yanzu ya gane tukunyar nan mai ɗaukar ido. Ƙanwarsa ta ga tazarar tun ranar farko, kallo ɗaya ya ishe ta. Ita ta goyi yaron nan lokacin da uwarsa ta kwanta jinya, ita ta kai shi masana'antar ta ce a gwada shi. Shi ya sa ta soke cokali ta fita.

Ya tsaya yana jira. Ya ba shi lokacin da ya ishi mutum ya buɗe baki. Mai tanderu yana kallon kofuna.

"Gobe da safe, ɗakin na'ura," in ji tsohon.

"To, Baba."

Shi ke nan abin da ya samu. Gida guda na bebaye, ya ce a ransa, kuma shi ya koya musu.

*

Da safe ya aika aka zo da Mai Cokali, ta zo tana gunaguni. Mai masana'antar yana nan, da Injiniya, da direba, da mai shara, da mai tanderu a jikin bango. Sauran ma'aikata sun cika ƙofa da taga. Mai shayi ma ya sake barin butarsa.

"Ajiye su," in ji Mai Sawu, yana nuna wayoyin mai masana'antar.

"Baba, ina jiran kira."

"Duka biyun."

Mai masana'antar ya ajiye.

Tsohon bai yi dogon bayani ba. Ya ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka nuna mata ta bi. An ɗauko masu tsaga uku an sa cikin lafiyayyu, sai ta ɗauka irin muryarsu muryar lafiya ce. Ya ɗaga tayil ɗin ya nuna layin da ke bayansa, ya nuna irinsa a bayan waɗanda aka dawo da su, ya ce duk daga kusurwa ɗaya suka fito, inda bangon tanderu ya buɗe.

"An faɗa maka bangon ya buɗe?"

Mai masana'antar ya dubi wayoyinsa kamar za su cece shi. "An faɗa. Amma ni ban taɓa kanta ba, Baba. Ko rantsuwa ce zan yi."

"Na sani. Jiya na so a ce kai ne."

Wani ya yi dariya a taga, aka zungure shi.

"Ni ba zan sake kunna ta ba sai an gyara bangon nan," in ji Injiniya. "Ko an mayar da ukun wurinsu, rabin abin da ke fitowa za ta ƙi."

"Ba wanda ya tambaye ki," in ji mai masana'antar.

"Ni ma ba wanda ya tambaye ni," in ji Mai Sawu. Ya juya wajen kantar, ya sa yatsa a tazarar, ya bar shi a nan don kowa ya gani. "Wanda ya ajiye waɗannan bai san ya bar wannan ba. Hannunsa ne ya yi. Hannun da ya saba ajiye tayil yana..."

"Ni ce, Yaya."

Mai Cokali ta miƙe tsaye, jakarta a ƙirji.

"Ni na yi. Haushin na'urar nake ji, kowa ya sani. Maigida ya yi gaskiya. A kira 'yan sandan."

Mai masana'antar ya buɗe hannu kamar mai cewa kun ji ko.

Mai Sawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kwashi tayil daga kwalin da aka dawo da shi, ya ɗora mata a hannu, ya nuna mata tebur. "Jera min."

"Wane irin wasa ne wannan da tsufanmu?"

"Jera."

Ta ajiye na farko, ta ajiye na biyu manne da shi, har ta kai na uku kafin ta tuna. Ta koma ta raba su. Nan tazarar ta isa hannu ya wuce, can ko takarda ba za ta shiga ba. Ta gyara, ya ƙara lalacewa. Mai shara ta rufe baki da gyale.

"Zauna," in ji shi. "Ko ƙarya ba ki iya jerawa ba."

Ya tattara tayil ɗin daga teburin. Sun yi masa nauyi, amma bai ba kowa ya riƙe masa ba. Ya taka a hankali, sanda a hannu ɗaya, ya wuce direba, ya wuce Injiniya, ya tsaya a gaban ɗansa ya miƙa.

Mai tanderu bai karɓa ba. Hannayensa suna bayansa.

"Yaya, yana da yara," in ji Mai Cokali, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni me ya rage min? Ka bar shi a kaina."

Mai masana'antar ya yi gyaran murya. Ya riga ya hango inda maganar za ta kai in 'yan sanda suka fara tambayar bango. "Baba, a bar shi haka nan. Gwaggo ta dawo aikinta gobe, a gyara tanderu, kowa ya kama gabansa. Ba sai an kira suna ba."

"Da ka kira nata ka tambaye ni?"

Mutanen ƙofa sun daina ko motsi. Nauyin ya ishi hannun tsohon, amma bai sauke ba.

Mai tanderu ya zame ya durƙusa. A karon farko tun da aka haife shi ya ɗago ya dubi uban a ido, idon ya kaɗa.

"Baba, don Allah mu je gida. Zan faɗa maka komai. Mu je gida kawai."

"A'a," in ji Mai Sawu. "A gaban mutanen nan aka ɓata sunanta, a gabansu za ka faɗa. Ba inda za ni."